Makullin Kwaɗon Matar Tela

Autanmu zabiya ne, kuma tun yana rarrafe rana ba ta raga masa ba. In ya fita da hantsi, kafin azahar wuyansa da kunnuwansa sun yi jawur, bayan kwana biyu fatar ta fara ɗayewa. Idanunsa rawa suke yi, in haske ya yi yawa sai ya runtse su yana tafiya yana laluben bango. Ni ce babba a ɗakinmu, ni na goya shi, kuma ni na yi dambe da rabin yaran layinmu a Tudun Wada saboda shi. Duk ɗan da ya kira shi bature sai ya ɗanɗana hannuna, in uwarsa ta fito rama masa ita ma ta ji bakina. Har yau ban sauya ba, ba na ɗaukar raini.

Gidan da ke manne da namu na wani tela ne, mutum mai sanyin hali, wanda ko akuya ta ci masa tuwo ba zai ɗaga murya ba. An kawo matarsa amarya tun Auta bai shiga makaranta ba, kuma daga ranar da ta gan shi ta ɗauke shi kamar ita ta haife shi. Anti yake ce mata. Ita take zaunar da shi ta shafa masa mai a wuya da bayan kunne, ita take ajiye masa ƙanzo in ta kwashe tuwo, in Inna ta ɗauko masa bulala gidanta yake gudu. Ita kuwa baiwar Allah ba ta taɓa riƙe ɗanta a hannu ba. Ciki yakan shiga, mu yi ta murna a ɓoye, ya yi 'yan watanni ya zube. Haka shekaru suka yi ta tafiya har Auta ya fara gemu.

Da ya gama makaranta sai ya zauna a zauren gidanmu yana buga wa ɗalibai takardu a kwamfuta, hancinsa dab da gilashin. A wayarsa ya tsinto wani wasa. Yana da suna na Turanci da harshena bai taɓa iya lanƙwasawa ba, shi dai neman ajiya yake ce masa. Mutum zai sami 'yar roba mai murfi, ya zuba tarkace a ciki, maɓalli ko zoben roba ko tsohon kwabo, da 'yar takardar da mai zuwa zai sa hannu. Sai ya ɓoye ta a wani lungu, ya sa alamar wurin a taswirar waya. Wani da bai taɓa ganinsa ba zai bi taswirar ya nemo ta, ya ɗauki abu ɗaya, ya ajiye wani a madadinsa, ya mayar da robar inda ya same ta. Shi ke nan wasan. Da ya gama yi mini bayani na ce, "To, sai kuma a ba ku me?" Ya ce ba a ba su komai. Na ce, "Lallai rashin aikin yi ma aiki ne."

A duk Zariya masu yin abin 'yan tsiraru ne, yawancinsu ɗalibai, kuma ba su san fuskar juna ba, sai sunayen barkwanci da suke sa wa kansu a waya. Su da rana suke fita nema. Auta kuwa sai an idar da isha'i yake ɗaukar tocila da waya ya sa kai. Hankalin Inna ya tashi, ta ce yaron da bai taɓa yawo ba ya fara yawon dare, ko dai 'yan shaye-shaye ne suka ja shi. Lokacin aurena ya mutu ina gida, saboda haka ni aka tura in bi sawunsa. Na zumbula hijabi na bi shi, ina tanadin zagin da zan yi masa in na kama shi.

Ban zage shi ba. Abin da na gani ne ya ɗaure mini baki. Yaron da na saba gani yana sunkuyar da kai cikin malafa da riga mai dogon hannu, ga shi nan yana tafiya da 'yar riga mai gajeren hannu, kai a miƙe, ido a buɗe, har ina haɗawa da sauri kafin in cim masa. Mai shayin bakin layi ya ɗaga masa hannu, 'yan sintiri suka ce, "Malam mai ajiya, yau ina aka nufa?" Ya ce Gyallesu. Ashe ya san ina bayansa tun daga ƙofar gida, takun silifas ɗina ya gane. Ya tsaya na iso, ya ce, "Yaya, da dare kowa makaho ne, ni kuwa na riga su koyon lalube." A ranar na ga ya cusa hannu a ƙarƙashin wani dutse kusa da wata rijiya ya zaro roba, yana dariya kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Na koma na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, ɗanta ya sami lokacin da yake zama mutum kamar kowa. Daga nan nakan raka shi jefi-jefi, ina mita ina bi.

Da ya tashi yin tasa ajiyar, bai kai ta nesa ba. Akwai wata tsohuwar dalbejiya a bayan katangar gidan tela, inda Anti take shimfiɗa masa tabarma yana yaro, domin babu inuwa mai duhu irin tata a layinmu. A wani kogo tsakanin saiwoyinta ya cusa robarsa. Lokaci lokaci yakan je da dare ya tsuguna ya haska, ya ga ko wani ya zo, ya ga me aka ɗauka, me aka bari. Duk layin sun saba ganinsa a gindin bishiyar, ba wanda ya kawo komai a ransa.

A shekarar ne Anti ta sami cikin da ya fi duk na baya daɗewa. Har ya fito ana gani, har tela ya fara ɗinka 'yan riguna yana ɓoyewa a ƙarƙashin keken ɗinki. Ana cikin zafin bazara shi ma ya zube. Na je asibiti na gan ta kwance, ta juya fuska bango, ko kuka ta kasa. Gwaggon tela ta zo daga ƙauye jinya, tsohuwa mai baki kamar reza, wadda ba ta yarda akwai abin da ke faruwa haka kawai ba.

Ba a daɗe ba aka kira magina su yaɓe katangar bayan gidan kafin ruwa ya sauka. Ɗaya daga cikinsu yana share gindin dalbejiya ya ci karo da robar. Maimakon ya mayar, sai ya shiga da ita gida, aka buɗe a gaban Gwaggo. A ciki akwai ɗan madubi, da maɓalli, da takarda cike da sunaye marasa kan gado, sannan ga wani ɗan ƙaramin kwaɗo a kulle, ba makulli.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da ake nufi in aka tono kwaɗo a kulle a bayan ɗakin mace. An kulle ta ke nan, an rufe mata mahaifa. Kuma ba sai an tambayi wanda yake tsugunawa a wurin da tocila ba.

Ina wanke-wanke na ji salati da ihu. Kafin in ɗauraye hannu Gwaggo ta faɗo mana gida ba sallama, mata na biye da ita, tana ɗaga kwaɗon sama tana cewa, "Ina maƙirin yake? Dama irinsu ba a banza Allah ya bambanta su ba!" Kai, jama'a! Ban san lokacin da na yi jifa da kwano ba. Na ce, "Gwaggo, furfurarki ce ta cece ki yau, amma in kika ƙara taɓa halittar ƙanena, wallahi za ki san gidan da kika shigo." Inna tana riƙe ni tana kuka, mata suna ta kai da komo, gida ya kaure.

Auta ya fito daga zaure. Ya buɗe waya yana nuna musu taswira, yana cewa ga irin robar a Gyallesu, ga wata wajen Ƙofar Doka, wasa ne, ana yi a ko'ina a duniya. Ya ce shi zoben roba ya sa, wani ne ya zo ya ɗauki zoben ya bar kwaɗon. Gwaggo ta ce, "Kun ji ko? Ashe ba mu kaɗai ya binne wa ba." Tela ya karɓi wayar ya duba, ya jinjina kai, ya ce shi dai bai zargi yaron ba. Amma a hankali ya faɗa, kamar mai tsoron a ji shi.

Sai ga Anti ta shigo tana dafa bango, ta rame ta yi fari fat. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi Auta ta ce, "Auta, ina makullin?"

Ya ce, "Anti, wallahi tallahi ba ni na sa shi ba."

Ta ce, "Na ji. Ina makullin?"

Na ce a kawo guduma in farfasa shegen kwaɗon kowa ya huta. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce a'uzubillahi, in aka fasa shi ai an kulle yarinyar har kabari, dole sai da makullinsa za a buɗe. Na ga Anti ta karɓe kwaɗon daga hannunta ta damƙe shi a tafinta kamar za a ƙwace. A nan na gane ta yarda da maganar Gwaggo. Limamin masallacinmu ya aiko da nasiha washegari, ya ce zato zunubi ne, kuma ba mai rufe abin da Allah ya buɗe. An ce masa to, amma kwaɗon yana nan ɗaure a bakin zanen Anti.

Na ce wa Auta ya rabu da su, rashin sani ya fi dare duhu, wata rana za su gane. Bai ji ba. Ya yi ta aika saƙo ta waya har ya gano wanda ya bar kwaɗon. Wani ɗalibi ne da ya gama karatu ya koma garinsu can nesa. Ɗalibin dariya ma ya yi, ya ce ai wasa ya ƙara wa armashi, kwaɗon a roba ɗaya, makullin a wata robar da ya ɓoye ƙarƙashin wani kwalbati a Tudun Jukun, yana so ya ga wanda zai haɗa su. Bawan Allah bai san wutar da ya kunna ba. Duk da haka na yi masa Allah ya isa a ranar, ban ɓoye ba.

Na zaunar da Auta na ce, "Ka saurare ni da kyau. Yanzu rabin layin nan suna shakka. Ranar da ka fito da makullin nan, ranar ka amsa laifi da bakinka. Za a ce dama yana hannunka." Ya ce ya sani. Na ce, "To, haukan me kake yi?" Sai ya nuna bangon ɗakinsa, wanda shi ne ya raba shi da ɗakin Anti. Ya ce, "Yaya, ba ta barci. Ina jin ta kullum." Gaba kura, baya siyaki.

Ruwa ya riga ya sauka lokacin da muka fita neman. Na ce ba zai je shi kaɗai ba, domin yanzu ana iya yi masa komai a hanya a ce an kama matsafi. Muka wuce mai shayi, Auta ya yi sallama, mutumin ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi. 'Yan sintiri ba su tambaye shi inda aka nufa ba, tocila kawai suka dalle mana a fuska har muka sha kwana. Na ga Auta ya sa riga mai dogon hannu, alhali ba rana.

Kwalbatin yana bakin wata hanya da ta gangara, ruwa ya ciko shi da ledoji da tarkacen bola, wari kamar ya kashe mutum. Waya ta ce mun iso, amma kogon da aka kwatanta fayau yake, ambaliya ta wanke shi. Auta ya naɗe wando ya shiga, ni ina sama ina haska masa ina zagin ɗalibin da wasansa da wanda ya ƙirƙiro shi. Ranar ba mu samu ba. Muka koma washegari, muka sake komawa. Kwalba ta yanke masa ƙafa, na ce alhamdu lillahi, Allah ne ba ya so a samu, mu tafi gida. Ya ɗaure ƙafar da ƙyalle ya koma cikin ruwan. Daga baya ma ya ce in kashe tocilar, hasken yana ruɗa shi. Na kashe, na tsaya cikin duhu ina jin motsin hannunsa cikin laka, yana bin bangon kwalbatin tsaga bayan tsaga. Can na ji ya ce, "Yaya." Daga yadda ya faɗa na san ya samu.

Ɗan mitsitsin makulli ne, bai fi farcen ɗan yatsa ba. Na riƙe hannunsa na ce, "Auta, don girman Allah ka jefa shi cikin ruwan nan. Ba wanda ya sani sai ni da kai. Mu ce ba mu samu ba." Ina faɗa ina kuka, ni da ko ranar da aka miƙo mini takardar saki ban zubar da hawaye a gaban mutum ba. Ya zare hannunsa a hankali ya sa makullin a aljihu.

Bai kai wa Anti a daren ba. Ya ce ba ya so a ce ya lallaɓo cikin duhu. Sai da rana ta take, ya sa malafa, ya ɗingisa zuwa gidan tela, ni ina biye. Anti tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, Gwaggo na gefe. Ya durƙusa ya miƙa mata. Ta kwance bakin zane, ta zura makullin, ta murɗa. Kwaɗon ya ce ƙas, ya buɗe. Ta ja wani dogon numfashi, sannan ta fashe da kukan da ta kasa yi a asibiti. Gwaggo ta ce, "Allahu akbar! Ba na faɗa ba?"

Da kukan ya lafa, Anti ta share fuska ta dube shi. Ta ce, "Na yafe maka, Auta, duniya da lahira. Ni na rene ka, ba zan iya yi maka baki ba. Amma kada ka ƙara shigo mini gida."

Na buɗe baki zan yi magana, ya damƙe mini tsintsiyar hannu har sai da na ji zafi. Ya ce, "Na gode, Anti." Ya tashi muka fito. Wannan godiyar ta fi zagin Gwaggo yi mini ciwo har yau.

Daga ranar bai sake fita da dare ba. Ya goge wasan daga wayarsa. In an idar da isha'i sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Ɗalibai suna zuwa buga takardu don su baƙi ne, ba su san komai ba, amma 'yan unguwa sun ɗauke ƙafa, mata masu ciki kuwa in za su wuce ƙofar gidanmu sai sun ja mayafi sun rufe cikin. Na yi faɗa har na gaji. Na yi da matar mai shayi, na yi da wata a gidan biki har aka raba mu. Ina ta gaya wa Auta ya yi haƙuri, lokaci zai wanke shi, domin kwaɗo ya buɗu kuma ba abin da zai sauya, kowa zai ga ashe ba shi ne matsalar ba. Wallahi haka na yi ta faɗa masa, ban ma tsaya na auna abin da nake fata ba.

Shekara na zagayowa Anti ta sami ciki. Ya zauna, ya girma, ya isa haihuwa. Wata safiya muka ji guɗa ta keto bango, an sami 'ya mace, lafiyayya. Kafin azahar magana ta gama layi, kowa na cewa ruwa ba ya tsami banza, ana buɗe kwaɗo ga haihuwa. Waɗanda da suke shakka suka daina. Har Inna, uwar da ta haife shi, na ga tana jan carbi, ta ƙi haɗa ido da ni.

Ranar suna aka raba waina da nama gida gida, aka tsallake namu. Ina jin kiɗan ƙwarya da shewar mata, zuciyata kamar ta fashe. Na banka ƙofar ɗakin Auta na same shi zaune a bakin katifa, ya jingina da bangon. Na ce, "Kana ji ko? Sun gama da kai. Da ma wannan cikin shi ma ya..."

Ya ce, "Yaya, kada ki ƙarasa."

Na haɗiye sauran maganar ina huci. Ya ce, "Tun ranar da na ji tana da ciki na san in ta sauka lafiya ba ni da sauran suna a unguwar nan. Amma wallahi ba sallar da na yi ban roƙa mata ba." Ya goge idonsa da hannun riga, ya ce, "Ki shiga ki yi musu barka. Ke ba a hana ki ba."

Na shiga. Ban ci komai ba, ban zauna ba, na dai ɗauki jaririyar na mayar.

Yarinyar yanzu ta shiga islamiyya. Kullum da la'asar takan fito da 'yar jakarta, kuma an koya mata in ta zo daidai zaurenmu ta tsallaka ɗaya gefen layin. Auta yana zaune a ciki, ba ya hangen nesa, sai dai ya ji ƙarar takalminta ya ɗaga hannu daga kwamfuta har ta wuce. Kwanakin baya ina zauren ta gifta, ya tambaye ni da wa take kama. Na ce da uwarta, har wushiryar. Ya ce, "Masha Allah," ya ci gaba da aikinsa.